Shago a Cikin Waya, Fili na Wani

Ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, bayan la'asar agogon Najeriya, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya, kusan awa shida ba shiga ba fita. Masu sayar da kaya ta waya a Legas da Kano suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna ɗora wa kamfanonin layi laifi, alhali kuskuren daga injiniyoyin Facebook ne can Amurka. Washegari jaridun duniya suka cika da lissafin asarar da aka tafka. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, ba kowa ne ya ma san an yi ba. Mutanen nan sun riga sun shafe wata guda cur babu sabis.

Tun ranar 3 ga Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnan lokacin, Bello Matawalle, domin jami'an tsaro su samu sararin fatattakar 'yan bindiga. Kwana biyu kafin nan aka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, ga kuma zafin ɗaukar 'yan matan Jangebe na watan Fabrairu bai huce ba. An ce kashe sabis ɗin na mako biyu ne. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Tun kafin nan ma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi. Ita ma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter tun watan Yuni, ba ta sake shi ba sai 13 ga Janairun 2022. Ɗan kasuwar Mafara ya wayi gari kasuwar Talata a rufe, ta cikin waya ma a rufe, kuma ko makulli ɗaya babu a hannunsa.

Yawancin abin da ake faɗa wa 'yan kasuwa game da soshiyal midiya a kan gudu yake. Wai zamani na sauri, wanda bai yi hanzari ba mota ta bar shi a tasha; yau Facebook, gobe TikTok, jibi wani abin da ko sunansa ba mu iya furtawa ba. Masu koyar da kasuwancin intanet a biya su suna ta nanata cewa idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Kiɗan yana canzawa kam, babu musu. Amma ga mai albasa a bakin madatsar Bakolori, ko matar aure mai turaren wuta a Morai, akwai tambayar da ta riga wannan: duk abin da nake tarawa a wayar nan, wanne ne nawa, wanne ne na aro? Wanda ya san amsa, sabuwar manhaja ba ta firgita shi, mutuwar tsohuwa kuma ba ta durƙusar da shi.

Sun kuwa mutu da dama. Wanda ya haura shekara talatin ya san zamanin 2go, manhajar nan 'yar Afirka ta Kudu da ta mamaye ƙananan wayoyin Nokia wajejen 2011 da 2012, har samari na kwana ido biyu domin tauraronsu ya hau. Yau ka tambayi yaro ɗan shekara sha biyar, bai taɓa jin sunanta ba. BBM, da masu hannu da shuni ke taƙama da lambarsa, an rufe shi ranar 31 ga Mayun 2019. Twitter ya koma hannun Elon Musk a Oktoban 2022, kafin shekara ta zagayo ya zama X, dokokinsa suka birkice. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, masu sana'a a kansa suka kwanta da mabiya miliyoyi suka tashi babu ko ɗaya.

Waɗanda ba su mutu ba ma, ƙa'idarsu ba ta zama wuri ɗaya. A da, in ka buɗe shafin kasuwanci a Facebook mutum dubu suka bi ka, abin da ka ɗora yakan isa ga da yawa daga cikinsu. Sannu a hankali kamfanin ya riƙa tsuke bakin jaka, har a Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya fito da kansa ya ce daga yanzu za a fifita abin da dangi da abokai suka ɗora a kan na shafukan kamfanoni da 'yan kasuwa. Zumunci aka kafa hujja da shi. Abin da mai shafi ya gani a ƙasa shi ne, in yana so mabiyansa su ga hajarsa, sai ya biya kuɗin talla, kuma tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin ga mai talla daga Najeriya. Da TikTok ya zo da gajeren bidiyo ya janye matasa, Instagram ya fito da Reels a Agustan 2020, Facebook ya bi sahu. Wanda ya gama ƙwarewa a ɗaukar hoto mai kyau sai aka ce masa ai yanzu motsi ake so, da murya, da sauti.

Kamfanonin nan hankalin mutane suke tarawa su sayar wa masu talla, shi ne cinikinsu. Na'urar da ke zaɓar abin da kowa zai gani, aiki ɗaya aka ɗora mata: ta nemo abin da zai riƙe mutum ya ƙara minti biyar yana kallon waya. In hoton shaddarka ya yi wannan aikin, za ta yaɗa shi. In bidiyon faɗan kishiyoyi ya fi shi, shaddarka ta koma baya, ko da ta fi ta kowa kyau. Rumfa ce aka ba ka a filin wani, ba haya ba takarda. Mai fili na iya juya ƙofar kasuwa duk ranar da ya ga dama, ka tarar rumfarka ta koma lungu. Shi kansa mai filin ba a zaune yake daram ba. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta, uwar kamfanin Facebook da WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220, a 2025 kuma kamfanin ya yi barazanar janye Facebook da Instagram daga ƙasar. Bai janye ba. Amma da ya janye, babu wanda zai nemi shawarar mai shafin sayar da atamfa a Bakura.

Sauyin da ya fi kowanne tasiri a ƙasar nan tamu, a ganina, ba ya cikin waɗanda aka yi wa shela. Saƙon murya ne, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Kafin shi, ciniki ta intanet na 'yan boko ne. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yana zuba ajami a allo ba gargada amma bai saba da baƙaƙen boko ba, an rufe masa ƙofa. Da murya ta shigo sai ciniki ya dawo yadda Bahaushe ya san shi: sallama, gaisuwa, tambayar iyali, sannan a shiga tayi. “Alhaji barka da war haka, ya iyali, ya haƙuri da jama'a? Kayan nan na jiya, nawa za ka bar mini buhu?” Can bayan minti biyu amsa ta zo: “Albarka, Malam, ƙara dai, ka san yadda mota ta yi tsada.” A murya ake jin mai gaskiya, a murya ake jin wanda ya ƙagu ya sayar. An yi murna da Facebook ya sa Hausa cikin harsunansa a 2016, kuma abin murna ne, sai dai ɗan maɓallin nan na naɗar murya ya shigo da mutanen da fassarar shafi ba za ta taɓa shigo da su ba.

Na biyu shi ne sitatus na WhatsApp, da ya zo a 2017, kuma mata ne suka fi kowa gane amfaninsa. Cinikin mata a cikin gida daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina tana nazarin tattalin arzikin ƙauye, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ɓoyayyen ciniki, inda hatsi da ƙuli da mai da fura ke yawo daga gida zuwa gida ba tare da mai kayan ta taka zaure ba. Ƙafafun wannan ciniki biyu ne: 'yar talla da dillaliya. Yarinya ta ɗauki faranti ta zaga unguwa, dillaliya ta ƙulle zannuwa da kwanoni ta shiga gidaje, in an saya ta ɗauki la'adarta. Sitatus ya ɗauke rabin aikin su biyun. Uwargida ta ɗora hoton humra da safe, kafin azahar mata ashirin sun gani, biyu sun yi tambaya, ɗaya ta ce a ajiye mata. Talla ba ta ƙare ba, duk wanda ya tsaya a tashar Mafara zai ga 'yan mata da farantai, amma an samu wata hanya da ba ta bukatar a cire yarinya daga aji.

Dillancin ma ya sake kama. Yanzu mace na zaune a Maradun, tana cikin zauren WhatsApp na wani mai shago a Kantin Kwari. Ya turo hotunan leshi da farashin sari, ta kwashe ta ɗora a sitatus ɗinta da ɗan abin da ta ƙara a kai. Mai so ta turo kuɗi, ita kuma ta tura Kano, a sako kaya a mota. Ba ta da jari, ba ta da shago, ba ta taɓa leshin da hannunta ba sai ranar da ya iso. Jarinta mutanen da suka yarda da ita ne.

Akwai kuma wani abu game da yadda sitatus ke aiki da ya kamata kowane mai sana'a ya fahimta. Ba ya zuwa ga kowa. Sai wanda ka ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye taka, shi ne zai gani, kuma bayan awa 24 ya goge. Haka saƙon da ake aika wa mutane da yawa a lokaci ɗaya: mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai same shi ba. Shi ya sa maganar nan da mata ke yi a wajen biki, “ki ajiye lambata, ni ma in ajiye taki,” ta fi mabiya dubu goma a Instagram daraja. Mabiya na kamfani ne, shi ke yanke wanda zai gan ka a cikinsu. Lambar waya kuwa taka ce. In WhatsApp ya mutu gobe, za ka iya kiran mai ita, ka tura masa tes, ko ka bi shi duk manhajar da jama'a suka koma. Kamfanin ya ƙara kayan aiki a kai a kai, manhajar 'yan kasuwa ta musamman a 2018, wurin jera hotunan kaya da farashi a 2019, zauren da ke ɗaukar mutum 1,024 daga 2022, kuma duk suna da amfani ga mai bukata. Sai dai a Yunin 2025 ya sanar cewa zai fara saka tallan kuɗi a tsakanin sitatus. Abin da ya faru da shafukan Facebook ya fara leƙowa nan ma.

To wace manhaja ce ta dace? Kayan da kake sayarwa ne ke da amsa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato, an tsara ta shayar da hekta 23,000, kuma ita ce ƙashin bayan noman rani a Mafara da Bakura da Maradun: shinkafa, tumatir, albasa, attaruhu, dankali. Tumatir ba ya jiran kowa. In an tsinke shi, kwanakinsa ƙididdigaggu ne. Manomin da ke da kwanduna a bakin gona ba ya bukatar baƙi dubu ɗari su yaba masa. Yana bukatar ya san nawa kwando ya kwana a 'Yankaba ta Kano da Mile 12 ta Legas, wace mota ce za ta tashi, hanya lafiya ko ba lafiya. Wannan aikin kira ne, da saƙon murya, da ɗan bidiyo na rabin minti da za a tura wa dila kai tsaye ya ga girman kaya da launinsu, tun da gani ya kori ji. Waya ta rage wa dillali wani ƙarfi da yake da shi a da, lokacin da shi kaɗai ya san farashin can. Amma ba ta kore shi ba, ba kuma za ta kore shi ba, domin ba labarin farashi kaɗai yake sayarwa ba. Shi ke tsayawa a kan bashi, shi ke saukar da baƙo, shi ake kamawa in mai saye ya gudu. Tsarin maigida da fatake ke dogaro da shi tun zamanin cinikin goro da shanu a unguwar Sabo ta Ibadan, har yau babu manhajar da ta ɗauki wannan nauyin.

TikTok akasin sitatus yake. Baƙi yake kai wa abin da ka ɗora, ko ba su taɓa jin sunanka ba. Bidiyon da aka ɗauka a Bakura zai iya faɗawa wayar Bahaushen Yamai, da na Agadas, da na zangon Kumasi, da na Jidda. Ga mai kayan da ba sa lalacewa kuma ba su da nauyi, hula ko turare ko kilishi ko ɗinki, wannan ƙofa ce da kakanninsa ba su samu ba. Ko shi ɗin ma, cinikin ba a can yake ƙarewa ba. Mai wayo yakan sa lambarsa a jikin bidiyo, wanda ya gani ya biyo shi WhatsApp, a yi tayi a can, lamba ta shiga ajiya. TikTok ya yi shela ya wuce.

Inda ake ruɗewa shi ne haɗa sana'a biyu da ba ɗaya ba. Akwai masu cin abinci da kallo kansa. 'Yan Kannywood da kasuwar faifai ta mutu a hannunsu sun koma YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Izzar So, da ya fara a 2020, kuma tun tsakiyar 2024 Facebook ya fara biyan masu ɗora bidiyo a Najeriya. Waɗannan yawan masu kallo shi ne kuɗinsu. Mai shagon kayan masarufi da ya ɗauka shi ma haka ne, sai ka ga ya bar kanta ya koma barkwanci, yana ƙona data yana ƙirga masu kallo, aljihu kuwa shiru. Datar ma ba ta arha ba ce: a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kuma babu abin da ke shan data kamar bidiyo. Mun dai ga iyakar bin yayi a 2024, lokacin da samarin Arewa, har da magidanta, suka duƙufa dangwalar waya dare da rana da sunan mainin a Telegram. Da Hamster Kombat, ɗaya daga cikin wasannin mainin ɗin, ya fashe a watan Satumba, abin da mafi yawa suka samu bai biya cajin waya ba.

Sauyin da ya girgiza ciniki da gaske bayan na 2021 daga Babban Banki ya zo. A Oktoban 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, har kotun ta yanke ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Kafin hukuncin ya zo, mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk sun koyi cewa “turo ta asusu.” OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga lungunan da banki bai taɓa kafa reshe ba, masu POS suka cika bakin kasuwa. Da wannan ne ciniki ta waya ya cika: a ga kaya a sitatus, a yi tayi da murya, a tura kuɗi, alat ya shigo.

A nan kuma wani rauni ya ɓuya. A OPay da PalmPay, lambar wayarka ita ce lambar asusunka. WhatsApp ma a kan lambar yake. Ke nan ɗan guntun layin nan shi ke riƙe da shago, da aljihun kuɗi, da littafin bashi. Mutane da yawa a karkara sun sayi layi ne da rajistar wani, ko yaron shagon waya ya yi musu da sunansa don a gaggauta. Gwamnati ta umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN tun Disambar 2020, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Wanda layinsa ba da sunansa yake ba, ranar da waya ta faɗi ko aka ƙwace ta a hanya, ba shi da bakin zuwa ofis ya ce a dawo masa da shi. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma, kamfani na sayar wa wani. Ga 'yan damfara da ke kira da murya mai daɗi, wai daga ƙungiya ko daga zauren makaranta, su ce ka karanto musu lambobi shida da aka turo maka. Kana karantawa sun ɗauke WhatsApp ɗinka, su shiga roƙon abokan cinikinka kuɗi da sunanka. Maganin wannan yana cikin manhajar, lambar sirri ta biyu da ake sawa cikin minti ɗaya, amma sau nawa masu koyar da kasuwancin zamani ke ambatonta? Su GB WhatsApp da samari ke ɗora wa iyayensu mata saboda kwalliya, kamfanin na rufe lambar da ya kama da su. Alat na bogi kuwa ya koya wa kowa cewa hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka ka gani da idonka.

Akwai ma abin da darasin da aka tsara don Legas ba zai taɓa faɗa maka ba. Can ana cewa ka nuna kanka, ka nuna shagonka cike da kaya, ka nuna yawan cinikin da ka yi, domin jama'a su yarda da kai. A ƙasar Morai da Jangebe da Faru, wannan shawara na iya jawo wa mutum kwana a daji. Kowa ya san infoma ba daga sama suke faɗowa ba, a cikin gari suke, kuma suna da waya. 'Yan bindigar kansu an gan su a TikTok suna baje damman kuɗi kai tsaye, har da rabon kyauta ga masu turo lambar asusu. Bidiyon buhunan shinkafa ɗari a sito talla ce ga mai saye, kuma rahoto ne ga mai garkuwa. Saboda haka ɗan kasuwar wannan yanki yana tafiya ne a tsakanin bukatu biyu masu karo da juna: a san kayansa, kada a san ƙarfinsa. Masu hankali sukan nuna samfuri su ɓoye yawa, su ɗauki hoto a jikin bango ba a ƙofar gida ba, ba sa faɗin ranar tafiya ko motar da za su shiga, kuma sukan zaɓi waɗanda za su ga sitatus ɗinsu, tun da manhajar ta ba da damar haka. Wannan ma wani dalili ne da ya sa rufaffen zaure ya fi buɗaɗɗen dandali dacewa da nan.

Sauran abin da ke kashe ciniki ta waya tsohon ciwo ne: algus. Hoto na ƙara wa atamfa haske, manhajar gyaran hoto na mayar da shinkafa mai tsakuwa tas. A kasuwar Talata mai saye zai damƙa, ya shinshina, ya tauna. A waya amana kawai ya saya. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, har Imamu Malik ya yi babi a Muwaɗɗa a kan sayar da dilar tufafi bisa takardar da ke bayanin abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Sharaɗin shi ne kaya su zo daidai da siffa. In suka saɓa, mai saye na da haƙƙin mayarwa. Sun kuma yi gargaɗi a kan mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba, abin da ya shafi masu ɗora hoton kayan Kwari kai tsaye, shi ya sa ya fi tsafta mace ta fito fili ta ce ita dillaliya ce, sarowa za ta yi. A gari irin Bakura, inda mai saye ta san gidan surukan mai sayarwa, leshi ɗaya da ya zo ba kamar hotonsa ba ya isa ya zaga zaurukan mata kafin magariba.

A gidaje da yawa an raba aikin ne: uba na da kaya da suna, ɗa na da waya. Ɗalibin kwalejin Abdu Gusau da ke Mafara, ko yaron da ya koyi gyaran waya, shi ke buɗe shafi, shi ke ɗora hoto, shi ke sanin abin da ya canza a wannan watan. Tsari ne mai kyau, kuma shi ne amsar gaskiya ga mai tambayar yadda dattijo zai bi saurin zamani: ba sai ya bi da ƙafarsa ba. Sai dai a buɗe komai da layin mai dukiya, a rubuta lambobin sirri a ajiye, a kuma kwafe lambobin abokan ciniki a littafi, kowanne da garinsa da abin da yakan saya. Yaro na tafiya bautar ƙasa, yana aure ya ware, wani lokacin a ɓata. Waya ma na tsufa. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a tsofaffin wayoyin Android da ba su kai mataki na 5 ba, kuma lokaci zuwa lokaci yana ƙara yanke wasu.

Bayan an gama tayi an tura kuɗi, kayan a mota za su tafi. A rubuta lambar mai karɓa a jikin kwali, a kai tasha, ɗan kamasho ya haɗa ka da direban Gusau ko Sakkwato ko Kano, a tura wa mai kaya lambar direba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin wannan aike ya yi tashin gwauron zabo, ga direbobi na gudun tafiyar dare a hanyar da ta ratsa Mafara daga Gusau zuwa Sakkwato. Kwalbar humra ɗaya da za a aika Abuja, kuɗin mota na iya cinye ribarta har ya taɓa uwar kuɗi. Wannan lissafin, fiye da kowace manhaja, shi ke shata iyakar kasuwar mai ƙaramin jari: Mafara, Bakura, Maradun, in an matsa Gusau da Sakkwato. Mai son ya wuce nan sai ya tara oda ta cika kwali kafin ya aika, ko mata huɗu ko biyar su haɗa kayansu a aike ɗaya su raba kuɗin mota, su kuma samu mutum ɗaya amintacce a can wanda zai karɓa a tasha ya rarraba.